Bargo a Kan Tekun Jidda

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna sauke kwale-kwale a bakin ruwa can arewa da Ubhur, na ji ɗaya daga cikinku yana tambayar abokinsa wai me tsohon nan yake ta cusawa a jakar roba. Da aka ce masa bargo ne, sai ya kece da dariya har yana riƙe ciki, ya ɗaga murya ya ce, "Bargo a Jidda? Ya Ammu Usman, Rasha za mu ne yau?" Na ji shi sarai. Ban tanka ba, don ban saba jayayya da mutumin da ya sa rigar ceto bai ɗaure maɗaurin ƙasa ba. Amma tunda ku shida kun rubuta wa kulob kuna son a ba ku jagorancin fita a bana, kuma aka ce sai na sa hannu, to ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Bargon da kuke yi wa dariya ya taɓa rufe surukina, uban matata, ranar da saura ƙiris ladabina ya kashe shi a kan tekun nan. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba tun yana raye. Kafin in kai ku ranar, sai kun san aikin da kuka raina.

Kayak na farko da na taɓa, irin kwale-kwalen nan namu, ba a ruwa na taɓa shi ba, a Khumra ne, a wata warsha, wato wurin sana'a, da ake yin tankunan ruwa na faiba. Ni haifaffen Fot Sudan ne, unguwar Hausawa. Teku nake gani tun ina rarrafe, amma ban taɓa shiga ya wuce gwiwata ba. Iƙamar lebura, wato takardar izinin zama da aiki, ita ta kawo ni Jidda, na faɗa hannun wani Bayamane, Usta Salim, ɗan siriri mai faɗan tsiya. Wata rana aka shigo da wani dogon abu a kan rufin mota, ja, siriri, da rami ɗaya a tsakiya inda mutum zai zura ƙafafu ya zauna. Ya tsage a ƙarƙashin kujera, tsagar ba ta kai tsawon yatsa ba. Na ce wa Usta aikin rabin awa ne, in shafa rezin, gam ɗin faiba, in liƙa ƙyalle, halas. Ya kalle ni, ya miƙo min sanfara, takardar nan mai kaushi, ya ce in goge har sai ya ce ya isa. Kwana uku ina guga. Ƙurar faiba ta shiga wuyana da hammatana, in na yi wanka ƙaiƙayin ƙaruwa yake. Da fentin ya fita sai ga tsagar ta yi rassa a ɓoye, ta kai kusan kamu ɗaya. Muka liƙa ƙyalle hawa huɗu. Da ya bushe, Usta ya ɗauko riyal na ƙarfe yana ƙwanƙwasa wurin yana kasa kunne, domin inda iska ta maƙale a ciki sautin daban yake fita. Ya ji wuri ɗaya, ya sa na kankare na sake. Abin da ya ce min bai wuce wannan ba: "Ya Usman, wanda zai zauna a ciki ba ya nan lokacin da kake ha'incin." Ku kuwa ko wanke kwale-kwale ba ku iya ba, kullum sai na tarar da yashi a wurin taka ƙafa.

Mai wannan kayak ɗin wata Baturiya ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a nan, kowa Sista yake ce mata. Ita ke jagorantar fita a kulob ɗin nan tun yana 'yan mutane kaɗan a wani bakin ruwa na haya. Da ta zo karɓa ta shafa gyaran, ta ce da guntun Larabcinta wanda ya gyara shi ne zai fara zama a ciki. Na ɗauka wasa ne. Ranar Juma'a sai ga ni a bakin ruwa, ta ɗaura min siket, marfin robar nan da ake sawa a ƙugu a rufe bakin ramin da shi don kada ruwa ya shiga. Ta nuna min igiyar da zan fizga in na kife. Ta ja ni inda ruwa ya kai mata ƙirji, ba sallama ba komai ta juya ni kaina ƙasa. Igiya ina? Na manta da ita, na manta da sunana, ina ta shure-shure ina shan gishiri har ta birkito ni. Sau bakwai ta kifar da ni ran nan. A na bakwai ne na fizgi igiyar, na fito, na zubar da ruwan, na hau da kaina. Dokarta ke nan: ba mai wuce bakin ruwa sai ya kife da gangan, ya fito, ya koma ciki, ko shi wane ne. Daga baya kulob ya nemi kafilina, ubangidan da iƙamata ke hannunsa, ya sake ni, na zama direbansu kuma mai gyara. Sai da na shekara biyu ina bin su sannan ta ba ni wuri a cikin tafiya.

Wurin da ta ba ni shi ne na ƙarshe, wanda muke ce wa wutsiya. Na san ba wanda yake so a cikinku. Dukkanku gaba kuke so, inda ake ɗaukar hoto da rana tana fitowa a bayan mutum. Na gaba hanya kawai yake nunawa, ko akuya aka koya wa za ta iya. Na baya shi ke kallon ƙeyar mutane awa uku, yana karanta kafaɗunsu. Wanda kafaɗarsa ta fara zubewa gefe guda ya gaji. Wanda filafilinsa ya daina shiga ruwa ya koma marinsa, hannunsa ne ya fara ƙi. Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne mai surutun da ya yi shiru. A ƙuguna akwai igiyar ja, a ƙirjina usur da wuƙa, a kan kwale-kwale famfon fitar da ruwa da filafili na biyu. A ciki akwai filas na shayi mai suga, da dabino, da jakar nan mai bargo da busasshen wando da riga da babbar leda ta tare iska. Kowane ɗan lokaci in ƙirga kawuna, in ƙirga kuma in sake, don mutum ɗaya ya fi sauƙin ɓacewa tsakanin igiyar ruwa biyu fiye da yadda kuke zato.

Na ja wani ƙato wata rana tun daga bakin sha'ab, wato duwatsun murjanin da suka tare gaɓa, har gida. Irin yaran nan ne masu kwana a gidan ɗaga ƙarfe, damtsensa ya kai cinyata. Tun a bakin ruwa ya cire rigar ceto wai tana ɓoye masa ƙirji a hoto, sai da na ce to ya zauna ya yi gadin takalma sannan ya mayar. Aka ce ya tuƙa da ƙugu, ba da hannu ba, ya ce "Ma fi mushkila," wato ba matsala. Ya yi gaba da gudu yana watsa wa kowa ruwa. Cikin minti ashirin ƙarfinsa ya ƙare, ya kwanta a kan kwale-kwale yana amai, teku ta juya masa ciki. Na ɗaure shi a ƙuguna na jawo shi, wata dattijuwa malamar makaranta da ba ta kai rabinsa ba tana biye da mu tana tuƙinta a hankali tana tasbihi. Da muka iso ya tambaye ni ko akwai wanda ya ɗauke shi a waya. Akwai kuma wani manajan masana'anta da ya saba ba da umarni a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni, ya ce in matsar masa da igiyar ruwa, wato in sake hanya don kada ta jiƙa masa agogo. Irin mutanen da za ku ɗauka ke nan, kuma kowannensu yana da wanda ke jiransa a gida.

Maganar sanyi kuwa, ni ma na yi mata dariya kafin ku, kuma dariyata ta fi taku ƙarfi. Sista ta fito daga ƙasar da ruwa ke daskarewa, sai na ɗauka tsoron garinsu ne ta taho da shi. Na ce mata nan Bahar Maliya ne, ruwan da za a iya haɗa wa jariri wanka da shi. Ta ce ba ruwan ne zai kashe mutum a nan ba, fitowa daga cikinsa ne. Mutum ya jiƙe cikin kayan auduga a watan sanyi, ya zauna ba motsi, shamal ta taso, iskar arewan nan, ta yi ta busa shi. Kayan ba sa bushewa, zafin jikinsa suke sha, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Saurayi mai kitse zai jure. Tsoho, ko siriri, ko mai ciwon suga, kafin awa biyu yatsunsa sun daina jin magana, kansa ya fara ruɗewa, kuma shi bai san ya ruɗe ba. In ya sake kifewa a haka ba zai iya kama komai ba. Sai ta ce min abin da ya fi komai amfani a aikin nan: "Kada ka tambayi mutum ko yana lafiya. Ka ba shi aiki. Ce masa ya kwance maɗaurin rigarsa ya ɗaure. In ya kasa, ka cire masa jiƙaƙƙun kaya nan take, ko yana so ko ba ya so." Ba ta san Hausawa ba, amma kamar don mu aka yi maganar. Mu da ko a gadon asibiti aka tambaye mu jiki sai mu ce da sauƙi.

Shekarar korona ita ce mummunar shekararmu. Aka rufe bakin ruwa, muka kwashe kwale-kwale muka jibge a wani fili a Khumra, rana ta yi ta cin su har na roba suka lanƙwashe. Sista ta gama kwangilarta ta koma gida. Ni kuma ina zaune a ɗaki ina lissafin ranar da iƙamata za ta ƙare, ban san ko kulob zai sake tashi ba. Da aka buɗe, sabon mai kula da kulob ya ce mutane sun gaji da zaman gida, kada a kore su da dokoki. Kifewar gangan ta zama ganin dama. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi. Na san ba daidai ba ne, na yi shiru, don wanda iƙamarsa ke hannun wani bai cika dogon harshe ba. Cikin sanyin da ya biyo baya ne surukina ya aiko.

Shi haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Yana da shagon turare da yadi a Sharafiyya, kowa ya san shi da tsafta da taurin kai. Lokacin da ya ba ni 'yarsa Hawwa ina warsha, sana'ar da zai iya faɗa a gaban mutane. Da na koma kulob sai ya riƙa cewa mijin Hawwa wasan ruwa yake yi da Turawa. A bakin wasu nake ji, don ni da shi ba ma hira. Ku 'yan yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna miƙa musu waya su ga wasan ƙwallo. Ni shekara goma sha biyar ban ci abinci a gabansa ba, ban kalli tsakiyar idonsa ba, in na je gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki saboda suga, shi kuma ya tuna yana yaro ya tuƙa huri, ƙaramin kwale-kwalen katako na masunta, a tsohuwar tashar jirgi. Sai ya ce wa Hawwa, "Gaya wa mijinki Juma'a zan zo in ga wasan nan da yake ciyar da ke da shi."

Abin da ya kamata in yi shi ne in ce ya fara zuwa a kifar da shi a bakin ruwa. To wa zai kifar da surukinsa? Ya zo bayan sallar asuba cikin farin tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, da singileti da wandon auduga a ciki. Na miƙa masa kayan kulob da hannu biyu, kaina a ƙasa. Ya ɗaga su da yatsa biyu ya ce, "Ni zan sa kayan 'yan ƙwallo da furfurata?" Na mayar da su jaka. Rigar ceto dai ya yarda ya ɗora a kan tob ɗin, ya tattare shi a ƙugu. Ban sa masa siket ba tunda bai koyi fizge shi ba, ke nan duk igiyar ruwan da ta zo a cinyarsa za ta zube. An yi ruwan sama ana gobe za mu fita, gari ya tashi da gajimare, ba rana. Mu goma sha biyu ne. Faisal ne a gaba, kun san shi, ɗan Jidda ne da ke jin Hausa amma da Larabci yake mayarwa. Wani tudun yashi muka nufa a bayan sha'ab, tafiyar awa ɗaya da wani abu.

Gaskiya ɗaya ce, tsohon ya iya tuƙi. Hannunsa bai manta ba, har yana juyowa yana ce wa na kusa da shi, "Wannan ne aikin? Wannan ake biyan mutum a kai?" A mashigar sha'ab, inda ruwa ke matsewa, igiya ta buge shi ta gefe, ya kife. Kafin ya gama tari na isa. Na ɗora gaban kwale-kwalensa a kan nawa na zubar da ruwan, na jera su, na kwanta a kai na riƙe, ya hau da ciki kamar yadda na gaya masa. Duka bai kai minti uku ba. Ya zauna yana dariya, ruwa na zuba daga gemunsa, ya ce, "Ruwan ma ɗumi gare shi." Kuma gaskiya ya faɗa, ruwan ya fi iskar ɗumi.

Nan ne wurin da na yi kuskuren. Busassun kaya suna bayana, hannu kawai zan miƙa. Gaɓa tana kusa, da na ce a juya da an juya. Amma sai in ce wa uban matata ya tuɓe, ko in ce masa ya kasa a gaban baƙi? Sai na yi abin da aka hana ni, na tambaye shi.

"Baba, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Yalla, kada ka tsayar da mutane."

Na karɓa, don abin da nake so in ji ke nan. Muka wuce sha'ab, shamal ta taso. Tob ɗin ya manne masa a baya, ina ganin ƙasusuwan kafaɗarsa. Surutun ya ragu, ya zo ya ɗauke. Na ga yana rawar ɗari. Na matsa na sake tambaya, ya ce lafiya lau. Filafilinsa ya fara marin ruwa. Kwale-kwalen ya riƙa karkata yana nufar tsakiyar teku, yana dawo da shi da ƙyar. Na tambaya karo na uku, ya ce alhamdulillahi bai juyo ba. Duk alamomin da na shekara goma ina karantawa a bayan baƙi, ga su a bayan surukina ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina biye ina ladabi. Sai na lura rawar ɗarin ta fara raguwa alhali iskar ƙaruwa take. Na san wannan ba sauƙi ba ne, jiki ne ya fara sallamawa.

Ko a nan ban iya ce masa ya kwance maɗauri ya ɗaure ba. Dabara na yi. Na ciro ledar dabino mai ƙulli, na jera da shi na ce, "Baba, a taimaka a kwance min wannan, hannuna da gishiri." Ya karɓa. Yatsunsa suka yi ta zamewa a kan ƙullin. Ya ɗaga hannun yana kallo kamar na wani ne aka ara masa. Ledar ta faɗa ruwa. Ya buɗe baki zai ce lafiya lau, harshen ya ƙi, kalmar ta fito a tauye.

Na busa usur sau uku. Faisal ya juyo ya zo, ya kalle shi ya ce, "Ammu, hada ta'aban marra," wato jikinsa ya yi tsanani. Na ce ya jera da shi ya rungume shi kada ya kife, na ɗaura igiya na ja su su biyu. Tudun ya fi gaɓa kusa a lokacin, amma iska tana gabana. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, abin da na sani hannuwana sun yi kwana huɗu ba sa ɗaguwa. Da muka taɓa yashi na sa aka jingine kwale-kwale uku a kan gefensu suka zama katanga, na ce kowa ya koma ɗaya ɓangaren ya juya baya, Faisal kuma ya kira jirgin ruwa mai inji ya zo ya ɗauke shi. Muka rage ni da shi a bayan katangar.

Na cire masa rigar ceto. Na kai hannu wuyan tob ɗin, sai ya damƙe shi da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Mutumin da ya kasa kwance leda, ga shi ya riƙe riga gam. Ya ce, "Kul. Aibu ne, ya waladi," wato ɗana. Ranar na fara kallon tsakiyar idonsa, ranar kuma na fara ɗaga masa murya. Na ce, "Baba, saki rigar nan!" Bai saki ba. Na zare wuƙa na tsarge tob ɗin daga ƙasa har wuya, na yanke singiletin, na zare wandon. Tsoho mai shekara saba'in, wanda ko hularsa ban taɓa ganin ya cire ba. Na tsane masa jiki a hankali ban murza ba, don ba a murza wanda sanyi ya kama. Na zura masa busasshen wando, na cire rigata, na zauna a bayansa na manna shi a ƙirjina, na naɗe mu da bargo, na ja leda a kai. Bayansa sanyi ƙalau. Ina jin numfashinsa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Hawwa cewa ina da komai a jaka na tsaya kunya.

Can sai rawar ɗarin ta dawo da ƙarfi, haƙoransa suna haɗuwa. Na yi hamdala. Da na ga yana iya haɗiya na riƙa ba shi shayi kaɗan-kaɗan a murfin filas. Kafin jirgin ya iso ya yi magana, tas, ba tauyewa. Ya ce, "Sake ni." Na sake shi.

Kwana ɗaya ya yi a asibiti aka sallame shi. Ni kuma washegari na shiga ofishin mai kula da kulob na ce ko a dawo da dokar kifewa da dokar hana shiga ruwa da kayan auduga, ko a nemi wani wutsiyar, iƙama kuma Allah ya san da ita. Aka dawo da su. Shi ya sa ba zan sa wa ko ɗayanku hannu ba sai ya shekara a baya yana kallon ƙeyar mutane, sai kuma na ga ya iya ce wa wanda ya haife shi a'a. Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Tuƙi kam kun iya, ba na musu, amma tuƙi shi ne ƙaramin abin da ke cikin aikin nan.

Surukina bai ƙara zuwa ruwa ba, bai kuma ƙara zama wuri ɗaya da ni ba. In na yi sallama a gidansa sai ya miƙe ya shige ciki. Ranar Sallah ta bayan labule yake amsa gaisuwata. Hawwa ta yi ta tambayata me na yi wa babanta, ko zaginsa na yi a gaban mutane. Na ce ta tambaye shi. Ta tambaya, ya ce mata ba ruwanta. Har gaba ta yi da ni na 'yan kwanaki a kan haka, ban faɗa ba. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauka ya tsane ni, kuma na ce in dai farashin ke nan na biya. Haka muka yi shekara huɗu.

Watan Sha'aban da ya wuce Allah ya yi masa rasuwa, a gadonsa, cikin iyalinsa. Muna tsaye a ƙofar ɗakin wankan gawa na masallaci, ni ina can gefe inda suruki ya kamata ya tsaya, sai babban ɗansa ya ratso mutane ya kama hannuna. Ya ce, "Yaya Usman, Baba ya bar wasiyya. Ya ce kai za ka wanke shi."

Na ce, "Ni? Ga ku 'ya'yansa huɗu?"

Ya ce, "Mu ma mun tambaye shi. Cewa ya yi, 'Shi ya gani, ya rufa.' Ya ce kuma bayan ransa ka gaya wa yaran nan naka na ruwa, kada wani mai taurin kai ya sake shiga da tob. Ba mu gane ba, ya ce kai za ka gane."

Na naɗe hannun rigata na shiga. Mai zuba ruwa ya miƙo buta, na taɓa, na ce masa ya ƙara na zafi.